Ranar Sakin Gonaki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Malam Ƙarami,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ka sauka lafiya, ya sa mutanen da za ka tarar su zame maka alheri, kai ma ka zame musu. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya raba ka da abokin da zai kai ka ya baro.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a cikin jakarka, alhali jiya mun daɗe zaune a zaure ban ce maka komai ba sai "a riƙe salla". Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa maka, ko sunan naka ban taɓa kira ba. Bakina ba ya iya yi maka doguwar magana ido da ido. Kai ma da na fara sai ka sunkuyar da kai kana "to, Baba, to, Baba" har in manta inda na dosa. Shi ya sa na rubuta. Ka nemi wuri ka karanta a nutse, ba da ido ɗaya a kan waya ba.

Ba aikin koyarwar da ka samu a Ajingi ne ya sa ni rubutu ba. Wannan ka fi ni saninsa, ba na jin tsoron komai a kansa. Abin da ya hana ni sakewa shi ne wanda ka shigo gida da shi kana murmushi har kunne, wai an sa sunanka a kwamitin da ke ba ƙaramar hukuma shawara kan manoma da makiyaya, a matsayin na ko-ta-kwana. Wato duk ranar da wakilin mazaɓarmu Alhaji Ɗanjummai bai samu zuwa zama ba, kai za ka zauna a madadinsa. Da ka ga fuskata ta canza sai ka ce, "Baba, ai suna ne kawai. Ɗan benci ne ni, wataƙila har a rushe kwamitin ban taka fili ba." Ƙannenka suka yi dariya. Ni ban yi ba, domin na taɓa zama a wannan bencin, a bayan wannan mutumin, kuma ka san hannun Baffanka Sale.

Ka san hannun, amma ba ka san yadda aka yi ba. Lokacin kana wajen kakanninka a Gafasa kana karatu, kuma a gidanmu ba a tayar da zancen. Ba asiri ba ne, duk garin nan an sani, sai dai abin da ka tsinta a bakin mutane gutsuri-gutsuri ne. Zan nuna maka wuraren da ƙafata ta zame, don ka gane su in ka zo kansu.

Shekarar da aka kafa kwamitin, Alhaji Ɗanjummai da kansa ya tako har zaurenmu. Ka san shi, mai shagon taki da maganin feshi, mutumin da suna ko jana'iza ba sa wuce shi. Ya zauna a tabarma, ya tambayi lafiyar kowa har da akuyar gidan, sannan ya ce, "Malam Haladu, an ce kowane wakili ya kawo mutum mai amana wanda zai riƙe masa in ya yi tafiya. Na duba garin nan kaf, ban ga kamarka ba." Ni kuwa, malamin Islamiyya mai 'yar gonarsa, wanda ba a taɓa kira sakatariya ba ko don shan ruwa, sai na ji kaina ya kumbura. Na ce na gode, Allah ya bar zumunci. Ban tambaye shi me kwamitin ke yankewa ba. Ban tambayi me zai hana shi zuwa ba, shi da sakatariya ta zame masa tsakar gida. Mahaifiyarka ce ta yi tambayar bayan ya tafi. Ta ce, "Malam, mutumin da ko tsintsiya ake rabo a can sai ya je, yau shi ke neman mai zuwar masa?" Na ce ta bar maganar maza. Ka haɗa wannan ma a cikin kurakuraina.

To, in aka ba ka girma bagatatan, ka tambayi abin da ke ƙarƙashinsa kafin godiya ta fita daga bakinka. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Kai dai ka riga ka karɓa, kuma ban ce ka mayar ba. Zan zo kan wannan.

Daga nan sai shiru. Damina ta shigo, ana ta zama, ba a kira ni ba ko sau ɗaya. An yi zaman maganar taki, Alhaji ya je. An yi na tarbar baƙi daga Kano, da shinkafa da kaji, Alhaji ya je har da sabuwar hula. Ni ina gida ina jin labari a bakin masallaci, abokan wasa suna kirana Malam Safaya, wai ni ne tayar da ake ɗaurewa a bayan mota. Na ɗauka haka tsarin yake, mai riƙo ba ya zuwa sai an kira shi. Sai daga baya na gane babu wanda ya hana ni shiga in zauna a baya in saurara. Ƙuri'a ce ba ni da ita, kunne kuwa nawa ne. Da na riƙa zuwa, da na san tun tsakiyar damina ake ja-in-ja a kan ranar sakin gonaki, da na san masu son a yi da wuri da kuma dalilinsu.

Ka san ranar sakin gonaki tun kana yaro, amma daga waje ka san ta. A yi shela a kasuwa da masallatai cewa daga rana kaza makiyaya na iya shigar da shanu gonaki su ci kara da harawa, ku yara kuna murna kuna bin garke. Abin da ba ka lura da shi ba, daga wannan ranar duk abin da ya rage a gona babu mai biyan ɓarnarsa. Ko dawa ce tsaye da zangarniyarta, duk inda ka kai ƙara amsar ɗaya ce, an saki gonaki. Abincin gida na shekara yana rataye a kan wannan ranar. Haka ma ran shanun mutanen da suka yi wata da watanni a matse a burtali da gefen titi. In aka jinkirta makiyayi ya sha wuya, in aka gaggauta manomi ya shiga uku. Duk wanda ya ɗaga hannu a kanta sai ya yi abokin gaba ta wani gefen, kuma tsofaffin 'yan kwamiti sun san haka sarai.

Don haka ka riƙa zuwa kowane zama, an kira ka ko ba a kira ka ba. Ka nemi izini a makaranta, ka hau mashin, ka zauna a bencin baya kusa da taga. Za su yi maka dariya, za su ce yaron Malam Haladu ya cika zaƙewa. Ka bar su. Ka lura da wanda ke magana, da wanda ake kallon fuskarsa kafin a yi magana, don ba mutum ɗaya ba ne.

Aka shiga kaka. Wata safiya ina shirin fita sai wayata ta yi ƙara. Alhaji ne, murya a shaƙe kamar wanda ya kwana yana tari. Ya ce, "Malam, jikin nan ya ƙi. Yau akwai ɗan zama, ba wani abu ba ne, ranar saki kawai za a tsayar. An riga an gama magana, kai dai je ka cika mana kujera. Abin da manya suka ce, ka ce haka ne." Na ce Allah ya sawwaƙe. Na ajiye magirbi, na ɗauko babbar rigata ta Idi, na hau mashin raina fes.

Ka san hanyar. Gonakin bakin titi na masu hali ne, su ke shuka iri mai saurin nuna, su ke iya ɗaukar 'yan ƙwadago. Ina tafe ina duba hagu da dama, ko'ina an girbe, an ɗaure, an kwashe, sai kara a kwance. Tawa ma an gama. Sai zuciyata ta ce mini ai kaka ta ƙare. Ban kawo gonakin kwari a raina ba, can bayan gari inda ƙasa ke riƙe laima, inda dawa ke jan lokaci, wake kuma sai an bi shi roro bayan roro. A nan talakawan garinmu suke noma, da matan da mazansu suka rasu, da Baffanka Sale.

Ba zan ce na manta da gonar Sale ba, in na faɗa na yi ƙarya. Na san tana tsaye, na kuma san dalili. A gidanmu tun zamanin Malam mahaifinmu gonar babba ake fara girbewa, sannan a koma ta ƙarami. Sale ya bar tasa ya zo muka gama tawa tsaf, har dammuna ya ɗauka a kansa zuwa rumbu. Tasa ce ke layi. Na ce a raina, in muka kira gayya ai kafin ranar mun kwashe. Da wannan tunanin na shiga ɗakin taro.

Da na zauna na duba fuskoki, sai na ga abin da ya kamata ya tayar da ni tsaye. Fiye da rabinmu masu riƙo ne. Wannan maigidansa ya tafi ta'aziyya, wancan motar nasa ta lalace, nawa yana tari, duk a rana ɗaya. Muna zaune cikin manyan riguna muna satar kallon juna kamar 'yan rakiyar ango. Ni a lokacin har daɗi na ji, na ce ashe ba ni kaɗai ne baƙo ba. Ka ga wauta.

Shugaban kwamiti ya faɗi ranar da ake so, sannan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, "Wajenku an kwashe?" Kowa ya ce an kwashe. Ni ne kusan na ƙarshe. Bakina ya ɗauko "saura kwari", amma na dubi dattawan da suka riga ni magana, na ji nauyin in zama ni kaɗai, sabon zuwa, mai kujerar aro, in ƙaryata ɗaki guda. Na ce, "An kwashe, ranka ya daɗe."

A gefe guda wakilan makiyaya ne zaune, cikinsu har da Arɗo Buba, wanda rugarsa ke bayan garinmu, wanda shekara da shekaru shanunsa ke kwana a gonarmu da rani suna zuba mana taki. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam Haladu, har kwari?" Ka ji fa. Shi da ranar za ta amfana, shi ya tambaya. Na ce, "Kafin ranar an gama, in sha Allahu." Ya ce, "To, kai ka san garinku." Aka ce a ɗaga hannu, na ɗaga nawa.

Malam Ƙarami, kujerar nan ba ta Alhaji ba ce. Ta mazaɓa ce, shi ma aro aka ba shi. Ranar da ka zauna a kanta, ba saƙonsa ka kai ba, bakin mutanen garinku ne kai, kuma hannun da za a gani a sama naka ne. Duk wanda ya ce maka an riga an gama magana, ka tambaye shi me ya sa ake neman hannunka. Kafin ka shiga ɗakin ka taka da ƙafarka har kwari, ka ɓare wake ka ga ko ya bushe, ka tambayi masu gonakin da bakinka. Kada ka auna kaka daga kan mashin. In ka shiga ka tarar masu riƙo sun fi masu kujerun yawa, ka miƙe ka nemi a ɗage zaman. Mun yi muku tarbiyyar jin nauyin manya, kuma ban yi nadama ba. Amma ni wannan jin nauyin ne ya sa na faɗi abin da na san ba haka yake ba, a gaban mutumin da ya ba ni damar gyarawa.

Na dawo gida da la'asar. Na tarar da Sale zaune a ƙofar gida yana wasa magirbinsa. Ya ce, "Yaya, ya zaman?" Na ce, "Alhamdu lillahi," na shige ciki. Ban faɗa masa ranar ba. Na san in na faɗa zai dube ni, ni kuma ban shirya wa kallon ba. Na ce a raina sai gobe in mun fita gona.

Goben ba ta zo yadda na tsara ba. Da sassafe aka aiko daga Balan cewa yayan mahaifiyarka ya rasu. Muka tafi. Aka yi jana'iza, aka zauna makoki, bayan sadakar uku kuma aka riƙe ni a kan maganar gado tunda ana ganin ni malami ne. Sale ya zo gaisuwa ya koma. A cikin taron mutane ban ga fuskar yi masa zancen gona ba, ko kuwa in ce na samu inda zan fake. A kasuwa ya ji shela kamar kowa, lokacin rana ta riga ta matso. Ya nemi gayya bai samu ba, don kowa a kwari ta kansa yake yi. Shi da matarsa suka shiga roro, ko rabin gonar ba su ci ba.

Ranar saki, garken da ya fara shiga kwari ba na Arɗo Buba ba ne. Buba ya riƙe nasa, ya ce a ƙara wa mutane lokaci. Baƙi ne da suka gangaro daga arewa, ba su san Sale ba, ba su san kowa ba, abin da suka sani shi ne an saki gonaki, kuma haka ne. Sale ya tsaya a bakin gonarsa da sanda yana kora. Aka yi cacar baki, aka kai hannu, aka sare shi a damtsen dama. Ina Balan aka kira ni. Na same shi a asibiti an naɗe hannun, idonsa a buɗe yana kallon rufi. Hannun nan bai ƙara ɗaukar fartanya ba.

Kafin rana ta faɗi samarin garinmu suka fita neman baƙin, suka tarar sun yi nisa. Sai suka huce a kan wanda ke kusa, suka cinna wa rugar Arɗo Buba wuta. Ba a rasa rai ba, amma bukkoki da ƙore da hatsin da matan suka tara duk sun ƙone. Buba ya kwashe iyalinsa da shanunsa ya bi ta wajen Kademi, bai sake dawowa ba. Saƙo ɗaya ya aiko mini a bakin wani mai sayen awaki. Ya ce a gaya wa Malam Haladu, ai na tambaye shi.

Don haka duk abin da aka yanke da hannunka, mai daɗi ko marar daɗi, kai za ka kawo shi gida da bakinka a ranar. Kada ka bar wa mai shela. Ka fara da ƙofar wanda abin zai fi cutarwa, ka tsaya ya zage ka in zai zage ka. Zagin zai wuce, shi kuma ya samu lokacin neman mafita.

Kuma kada ka karanta wannan ka shiga ɗakin da ƙin makiyaya a ranka. A duk waɗanda ke zaune ranar, Bafulatani ne kaɗai ya tuna da kwarin garinmu. Jan ranar har shanu su fara faɗuwa shi ma zalunci ne, kuma wanda aka matsa wa zai shiga ko an saki ko ba a saki ba. Ka je rugar da ke kusa ka gaisa da arɗon yanzu tun kafin ka buƙace shi, ka ji ta bakinsa, ka sha nonon da za a ba ka.

Tarin Alhaji ya warke da wuri. Ya zo asibiti da lemo da burodi, ya tsaya a kan Sale yana girgiza kai, ya ce a gaban mutane, "Kai, kai, kai. Da ina nan da ba a yi haka ba." A gabana ya faɗi haka. Daga baya na ji cewa yana da shanu a hannun makiyaya suna yi masa kiwo, shi ya fi kowa son a saki da wuri. Yana kuma hararar kujerar kansila, ba ya son manoma su ga hannunsa a sama. Sai ya ari nawa. Ba na ɗora masa abin da na faɗa da bakina, ni na faɗa. Amma ina so ka san irin mutumin da kake riƙe wa.

Da na gane haka sai zuciya ta ɗebe ni, na aika a gaya musu na ajiye kujerar. Na ɗauka na yi abin a zo a gani. Sati bai zagayo ba aka sa surukin Alhaji a gurbina, mutumin da ke ɗaga hannu tun kafin a gama tambaya. A shekarun da suka biyo baya mutanen kwari sun riƙa girbe dawa da ɗanyenta don tsoro, tana ruɓewa a rumbu. Ni da na riga na san wuraren santsin, ni ya kamata in zauna, sai na tafi na bar wa wanda bai damu ba. Shi ya sa ban ce ka mayar da kujerar ba. In ka mayar, wani za a ba, kuma ba za a tambaye ka wa za a ba ba.

Baffanka da ya dawo daga asibiti ya kira magini ya toshe ƙofar da ke tsakanin sashenmu da nasa. Ƙannenka sun taso sun ga bango, sun ɗauka haka aka gina gidan. Na je na nemi gafararsa. Ya ce, "Na yafe, Yaya, mu ma muna yi wa Allah laifi. Amma ƙofar a bar ta haka." Yana gaishe ni kullum a masallaci, don ba ya son ya ɗauki zunubin gaba. "Ina kwana, Yaya," shi ke nan. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma tun daga shekarar ba mu ƙara sa hannu a kwano ɗaya ba. Ina kewar ƙanena, yana nan bayan bango ina jin tarinsa.

Yanzu ka dubi bana. Ruwa ya yi jinkiri, shukar farko ta ƙone, sai da aka sake. Dawar kwari yanzu take fitar da kai. Makiyaya kuwa sun riga sun fara taruwa, ka gan su da idonka a gefen hanyar Gaya. Kuma ranar Juma'a bayan an idar, Alhaji yana gaya wa mutane cewa idonsa na damunsa, likita a Kano ya ce ya zo a yi masa aiki da zarar kaka ta shigo. In ciwon gaske ne Allah ya ba shi lafiya. Amma ka tambayi kanka, duk samarin da suka yi karatu a mazaɓar nan me ya sa sai kai. Ka yi boko, za a ce an sa matashi mai ilimi. Za ka zauna a Ajingi, ba za ka riƙa ganin kwari ba. Kuma ya taɓa gwada gidan nan ya ga muna da sauƙin kai. Za a kira ka bana, ba na ko shakka.

A wannan Juma'ar, ina neman takalmina a ƙofar masallaci, Sale ya tsaya kusa da ni. Na zaci gaisuwar da ya saba ce. Sai ya ce, "Yaya, na ji an ba yaron nan kujera." Na ce haka ne. Ya ce, "Ka gaya masa?" Na ce zan gaya masa. Ya ce, "Ka gaya masa tun da sauran lokaci." Ya sa takalminsa ya tafi. Rabon da ya yi mini magana mai tsawon wannan tun kana Gafasa.

To, na gaya maka. Sai dai na san ɗan Adam, na san kaina, kuma kai jinina ne. Takarda tana da sauƙin karantawa a ɗaki. Ranar da ka zauna ƙarƙashin fanka, dattawa suka bi layi suna cewa an kwashe, aka zo kanka, ban san abin da bakinka zai yi ba. Nawa ma ban san zai yi abin da ya yi ba.

Shi ya sa na yanke wata shawara, kuma gara ka ji ta daga gare ni. Dawarmu za ta nuna da wuri kamar kullum, amma bana ba zan sa mata magirbi ba sai mutum na ƙarshe a kwari ya kwashe nasa. Tsuntsu zai ci rabonsa, wataƙila ɓarawo ma ya taɓa, na yarda. Ka san gonar a bakin burtali take, ita shanu za su fara tararwa. Duk ranar da ka ɗaga hannu a kanta, abincin uwarka da ƙannenka yana tsaye a fili tare da na sauran mutane. Kada ka kira ni a waya ka ce in girbe a ɓoye, ba zan yi ba.

Na gaya wa mahaifiyarka. Ta ce, "Malam, in ya yi irin taka fa, me za mu ci?" Na ce mata ban sani ba. Ba ta ce in fasa ba.

Tana gaishe ka, ta ce kuka da daddawa suna ƙasan jakar, kada ka bar su a rana. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka daga sharrin mutum da na zuciyarka, ya buɗe bakinka ranar da ya kamata ya buɗe. Allah ya kiyaye manomi da makiyayi, ya dawo mana da kai lafiya ka shigo garin nan kanka a sama. Allah ya sa mu ci tuwon dawar bana.

Wassalam.

Mahaifinka,
Malam Haladu